Zoɓo Ya Ci Gwajin Kwalba: Ya Zama Magani Ke Nan, Har a Rene Shi a Tanki?

Tambaya daga wata ɗaliba mai digiri na biyu a kimiyyar sinadaran jiki: Assalamu alaikum Malam. Na tatsi zoɓo da mitanol na yi masa gwajin DPPH, sai na ga ƙarfinsa na antioksidan ya kusa kamo na bitamin C. Ina so in rubuta a ƙarshen kundina cewa zoɓo zai iya kare mutum daga ciwon daji da ciwon zuciya. Sannan malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in na shiga digiri na uku in reni ƙwayoyin halittar zoɓo a bayoriyakta, wato babban tankin reno, don a samu jan sinadarin da yawa. Me Malam ya gani?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Waccan jimlar ta ciwon daji kada ki rubuta ta. Maganar tanki kuma, ki ɗauki biro ki yi lissafi kafin ki ce wa malaminki to. Tambayoyin naki biyu ne a ido, amma ciwonsu ɗaya: abin da ya faru a 'yar kwalba mai ɗaukar mililita uku ba ya bin mutum haka siddan zuwa babban wuri, ko cikin ɗan Adam ne ko tankin ƙarfe.

Mu fara da kwalbar taki. Duk wanda ya taɓa fasa goro ya ajiye shi ya ga yadda fuskarsa take rinewa, kuma duk matar da ta bar man gyaɗa ya daɗe a buɗe ta san warin da yake yi. Aikin iskar oksijin ke nan. A jikinmu ma ana samun wasu ƙwayoyin sinadari da suka rasa ilektiron guda, suna yawo suna fizgar na maƙwabta, ko kitsen bangon ƙwayar halitta ne, ko furotin, ko DNA. Antioksidan shi ne wanda yake miƙa musu abin da suke nema su lafa. DPPH irin wannan mai fizgen ne, sai dai na haɗi ne, babu shi a jikin mutum, babu shi a jikin dabba. Launinsa shunayya ne, in ya samu ilektiron ya koɗe ya koma rawaya, na'ura kuma ta auna yawan koɗewar. Saboda haka abin da kika tabbatar shi ne, a cikin mitanol, a cikin duhu, cikin rabin awa, akwai wani abu a zoɓo da yake ba DPPH ilektiron. Gaskiya ne, kuma ba a raina shi. Amma ganyen mangwaro zai yi haka, ɓawon albasa zai yi, sassaƙen bagaruwa da ake jima da shi ma zai yi, ba wanda kuma ya ce a riƙa shan sa da safe.

Kafin ma ki dogara da lambar, ki koma littafin aikinki ki duba abu biyu. Ana karanta DPPH a nanomita 517 (ma'aunin irin hasken da na'ura take haskawa), jan launin zoɓo kuwa ya fi shan haske a wajajen 520. Kusan kan layi ɗaya suke. In ba ki auna ruwan zoɓon shi kaɗai cikin mitanol kin cire adadinsa daga kowane karatu ba, to na'urar ta haɗa launin zoɓo da na DPPH ta ba ki jimla, lambarki ta gurɓata. Na biyu, IC50, wato adadin samfurin da ake buƙata don a koɗar da rabin DPPH, in ya yi ƙasa ne ake cewa abu ya yi ƙarfi. Na sha duba kundin da aka juya wannan, ɗalibi yana murna tsironsa ya doke bitamin C saboda lambarsa ta fi girma. In kuma kin yi gwajin Folin, na auna folifinol, wato wani rukunin sinadaran tsirrai masu aikin antioksidan, ki sani ba su kaɗai yake kamawa ba, bitamin C da wasu nau'o'in sukari ma suna rina shi shuɗi.

Yanzu ki bar ɗakin gwaji ki shiga kicin. Ki zuba jiƙon zoɓo marar sukari a kofin gilashi biyu, ɗaya ki ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan kina juyawa. Jan zai dushe, ya koma shunayya, ya yi shuɗi-shuɗi, in kin ci gaba ya zama wani kore mai duhu kamar ruwan kwata. Ki matse lemon tsami da wuri, jan ya dawo. Ki bar shi ya jima kafin ki matse, ba zai dawo yadda yake ba, domin wani sashe na sinadarin ya riga ya wargaje. Sinadarin nan shi ne antosayanin, kuma a zoɓo manyansa biyu ne, na dangin dalfinidin da na dangin sayanidin. Ja ne kuma tsayayye muddin yana cikin tsami. Tumbin mutum tsami ne, a can yana lafiya. Da ya gangara ƙaramin hanji tsamin ya ƙare, jini kuwa ma'aunin tsaminsa, wato pH, 7.4 ne, ba shi da tsami ke nan. Wato abin da kika gani a kofin da kika ɗiga wa kanwa, kwatankwacinsa ne yake jiran zoɓon a ciki.

Shi ya sa in aka shayar da mutum antosayanin aka bi sawunsa, wanda yake fitowa a fitsari da siffarsa ta asali sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar East Anglia ta Ingila sun yi wa sinadarin alama da wani nau'in kabon mai nauyi don su gane shi ko ya farfashe, suka ga kusan kashi 12 cikin 100 ne jiki ya ɗauka, akasarinsa kuma ɓaraguzai ne da hanta da ƙwayoyin cutar hanji suka sarrafa. Ɓaraguzan nan mai yiwuwa su ne masu aikin, amma ba su kika zuba wa DPPH ba. Akwai ma wani abin dariya: an daɗe ana ganin ƙarfin antioksidan na jini yana tashi bayan mutum ya ci 'ya'yan itace, ana yaba wa folifinol, sai binciken Balz Frei da abokiyar aikinsa a Jami'ar Jihar Origon ya nuna yawancin tashin daga yurik asid ne, wanda sukarin 'ya'yan itacen yake sa jiki ya ƙara samarwa. Ra'ayin da ya fi ƙarfi yanzu shi ne sinadaran tsirrai ba su cika yin faɗan da kansu ba, tsokanar jiki suke yi ya tayar da nasa inzayim ɗin kariya.

Ba ke kaɗai kika taɓa hawa wannan dokin ba, manya sun hau ya kayar da su. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin da ya jera abinci bisa makin wani gwajin kwalba da ake kira ORAC. 'Yan kasuwa suka wawure shi suna bugawa a jikin kwalaye, wannan lemo ya ninka wancan sau kaza. A 2012 ma'aikatar ta sauke jadawalin da kanta, ta ce makin ba shi da alaƙa tabbatacciya da abin da ke faruwa a jikin mutum. Wanda ya fi wannan ɗaci ya faru tun kafin nan. An lura masu cin kayan lambu da yawa ba su cika kamuwa da dajin huhu ba, aka ɗora abin kan bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja. A Finlan aka ɗauki maza masu shan taba su 29,133, aka ba wasu ƙwayar bita-karotin kullum, wasu ta bogi. Da sakamako ya fito a 1994, dajin huhu ya fi yawa da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha ta gasken. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dole aka tsayar da shi a farkon 1996, ƙarin ya kai kashi 28. Karas bai yi laifi ba. An zare abu ɗaya daga cikinsa ne, aka ninka shi, aka zaci kwalba ta gama magana.

Kada ki ɗauka zoɓo nake rainawa. Yana da hujja a jikin mutane, sai dai ba a inda kika nufa ba. A Jami'ar Tufts, Diane McKay da abokan aikinta sun ba manya 65 masu ɗan hawan jini ko dai shayin zoɓo kofi uku a rana ko wani abin sha na bogi, har mako shida. A rahotonsu na 2010, lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da maki 7.2, ta ɗaya rukunin da 1.3. Mutum 65 kaɗan ne, mako shida gajere ne, amma wannan awon jini ne a hannun mutum, kuma wasu gwaje-gwajen sun nuna alama iri ɗaya. Ki lura marar sukari suka sha, ba irin na ƙullin leda da ake ɗura wa sukari har ya yi danƙo ba. Kuma abin da yake da aiki a jiki yana iya karo da magani: wani bincike a Sudan a 1994 ya nuna karkade, wato zoɓonsu, da jiƙon tsamiya da lemon tsami duk sun rage yawan kulorokwin da ke shiga jini in an sha su tare. Abin da ya dace da kundinki shi ne: ruwan zoɓon da aka tatsa da mitanol ya nuna ƙarfi kaza a gwajin DPPH, kuma ana buƙatar gwaji a jiki kafin a danganta shi da wata cuta. Ba ta da armashi, amma mai jarrabawa na waje ba zai samu inda zai kama ki ba.

To sai tanki. Yadda ake yi, a yanki ɗan ganye ko kara, a kashe duk ƙwayar cutar da ke kansa, a ɗora shi kan abincin reno, galibi haɗin Murashige da Skoog na 1962, mai gishirin ma'adinai da sukari giram 30 a kowace lita, a ƙara sinadaran girma. Bayan 'yan makonni gefen yankan ya fitar da wani tsiro mai laushi kamar dafaffiyar shinkafa da aka dama, ana ce masa kalus. A ɗebe shi a zuba a ruwan reno cikin kwalba, a ɗora kan na'urar girgiza. Har nan komai yana tafiya daidai, a nan ne kuma yawancin takardun bincike suke tsayawa su ce nan gaba za a faɗaɗa. Faɗaɗawar ce gizo yake saƙa a cikinta.

Iskar oksijin ba ta son narkewa a ruwa, lita guda ba ta riƙe fiye da miligiram takwas ko kusa da haka. A kwalba mai ɗan ruwa a gindi, girgiza kaɗai ta isa. A tanki mai zurfi dole a hura iska ta ƙasa, a kuma juya da farfela. Ƙwayar bakteriya ƙarama ce, a juya ta yadda aka ga dama. Ƙwayar tsiro ta ninka ta girma nesa ba kusa ba, cikinta jakar ruwa ce, bangonta kuma ba ya lanƙwasa. Ki ƙara gudun farfela ta yayyanka su, ki rage su kwanta a gindi su shaƙe. Ga shi ba sa zama ɗai-ɗai, curewa suke yi kamar gudajin kunu, na waje su sha iska, na tsakiya su mutu. In sun yi yawa ruwan ya yi kauri, kumfa ta taso ta ɗauki wasu ta manna a murfi. Antosayanin kuma ya zo da nasa sharaɗin: a yawancin tsirrai sai da haske ake yin sa, kuma da ƙwayoyin bakin gilashi sun yi ja sai su tare wa na ciki hasken. Sannan tsiro ba ya yin irin waɗannan sinadaran lokacin da yake cikin daɗi, na kare kai ne, sai ya ji wuya. Abincin da ke sa ƙwayoyin su hayayyafa daban, wanda ke sa su yi launi daban, mai yawan sukari da ƙarancin naitirojin da fosfet. Kuma jajayen sun fi farare jinkirin rabuwa, saboda haka in kina dashe kina dashe ba ki zaɓa, wata rana za ki buɗe ki tarar fararen sun cinye gida.

Ga kuma lokaci. Bakteriyar E. coli takan ninka kanta cikin minti 20 in ta samu yadda take so, yis cikin awa ɗaya da rabi, ƙwayar tsiro kuwa sai kwana ɗaya zuwa uku ko fiye. Zagaye guda mako biyu ne zuwa uku, cikin ruwan sukari mai ɗumi da kowace ƙwayar cuta take mafarkinsa. Na taɓa yin kwana 11 ina renon ƙwayoyin wani tsiro a tanki mai lita biyar, har sun fara yin launi ina ɗaukar hoto. Daren na goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, mai kula da janareto ya tafi gida, famfon iska ya tsaya, matsin da ke hana iskar waje shiga ya faɗi. Da safe ba a ga komai ba. Washegari ruwan ya yi fari kamar tsari, da na buɗe bututun ɗiba wani wari kamar na ƙullun da ya kwana uku ya buge ni. Wata huɗu na yi ina zaɓen waɗannan ƙwayoyin. Duk wanda zai yi wannan aiki a wajenmu, batir da sola ya kamata ya fara saya kafin tanki.

Duk da haka akwai inda abin ya yi, kuma yana da kyau ki duba me ya haɗa su. A 1983 kamfanin Mitsui na Japan ya fara samar da shikonin, wani jan rini da ake samu a saiwar tsiron da sai ya shekara da shekaru kafin a tone shi, a tanki mai lita 750, mataki biyu, na girma da na launi. Har jan baki aka yi da shi. Sai Taxol, maganin daji da Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffarsa a 1971. Daga ɓawon wani itace mai jinkirin girma na yammacin Amurka ake samun sa a da, ɗan mitsitsi, kuma in an saɓule ɓawon itacen ya mutu. Yau kamfanin Phyton yana renon ƙwayoyin dangin itacen a kusa da Hambog ta Jamus, a tankuna da babbansu ke ɗaukar lita 75,000. Tsiro mai wuyar samu, sinadari ɗan kaɗan, farashi kuma na zinariya. A irin wannan ne kwalliya take biyan kuɗin sabulu.

Labarin da nake so ki riƙe shi ne na atimisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu. Tu Youyou da tawagarta a Sin ne suka fitar da shi a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro dangin tazargade, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Saboda farashinsa yana hawa yana sauka bisa yadda noma ya yi, Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya a Bakili ya ɗauki aikin dasa wa yis ƙwayoyin gadon tsiron, Gidauniyar Gates ta zuba sama da dala miliyan 42 a 2004. A 2013 suka kai giram 25 na asid ɗin da ake juyawa ya zama maganin a kowace lita, adadin da duk mai aikin tanki zai cire wa hula. Kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Italiya a wannan shekarar. Sai manoma suka yi noma mai yawa, farashin na gona ya faɗo ƙasa da dala 250 a kilo, na tanki kuwa yana tsakanin 350 da 400. A 2015 masana'antar ba ta samar da komai ba, daga baya aka sayar da ita. Yis ne fa, wanda ya fi ƙwayar tsiro sauƙin reno nesa, da kuɗin Gates a bayansa, manomi da fartanya ya kayar da shi.

Yanzu ɗauko biron. Busasshen zoɓo mai kyau yakan ƙunshi antosayanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, mu ce giram 15 a kilo. Mu yi wa tankinki kyakkyawan zato: ya ba ki busassun ƙwayoyi giram 15 a lita, kashi uku cikin ɗari nasu launi ne. Giram 0.45 ke nan a lita bayan mako biyu. Kafin ki tara giram 15 sai kin reni lita 33, kuma lita 33 a giram 30 kowace, kilo guda na sukari ke nan. Kin ƙona kilon sukari don ki samu abin da ke cikin kilon zoɓo, ba a sa kuɗin wuta da sinadaran girma da tururin tsabtace tanki da albashin mai gadinsa ba. Shi kuwa manomin Jigawa a gefen gonar gero ko gyaɗa yake yafa yakuwarsa, rana ta ba shi haske kyauta, cikin wata huɗu zuwa biyar ya girbe, a loda a kai Legas, jirgin ruwa ya kai Meksiko inda suke shan sa da sunan jamaika. Wannan ne abokin gasarki.

Ba na cewa malaminki ya yi kuskure. In manufar ita ce ki koyi sana'ar tanki, zoɓo malami ne mai kyau, domin launi da ido ake ganin sa, ba sai an jira na'ura mai tsada ba. In haka ne ki rubuta shi a matsayin haka, kuma ki auna abin da ya kamata: saurin shigar iska cikin ruwan, girman gudajin, sukarin da aka ci a kan kowane giram na launi, da yawan launi a lita a kowace rana, ba a lita kaɗai ba. Ki gwada tankin da iska ke juyawa maimakon farfela. Ki maimaita zagayen aƙalla sau uku, sa'a ɗaya ba sakamako ba ce.

Amma da ni ne ke da shekara uku da ɗan kuɗin bincike, gona da kasuwa zan nufa. Zoɓon da aka shanya a ƙasa cikin rana da wanda aka shanya a inuwa kan tabarma, nawa ne bambancin launinsu? Buhun da ya yi wata shida a shago lokacin zafi, me ya rage a cikinsa? Mai duhu da mai haske, wane ya fi, kuma a wace ƙasar noma? Tafasawar minti goma da jiƙon dare, wanne ya fi fitar da sinadarin ba tare da ya kashe shi ba? Duk waɗannan da na'urar da kika yi DPPH da ita za ki amsa su: a raba samfur biyu, ɗaya a pH 1.0 ɗaya a 4.5, a karanta a 520 da 700, bambancin ya ba ki adadin antosayanin kai tsaye. Mai fitar da kaya waje yana buƙatar wannan amsar, likitan da zai gwada zoɓo a kan masu hawan jini ma ba zai iya farawa ba sai ya san abin da ke cikin kowane kofi. Ki ɗauki lissafin lita 33 ɗin nan ki kai wa malaminki cikin ladabi, ki ce ga abin da ya ɗaure miki kai, ya duba miki ko akwai inda kika yi kuskure.